Iya Ruwa Fidda Kai: Daga Kududdufan Birnin Kano Zuwa Jarrabawar Masu Nutso

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a nutse.

Bari in fara da tambaya, kuma kowa ya amsa wa kansa tsakaninsa da Allah. Idan aka sa ka a ruwan da ƙafarka ba ta taɓa ƙasa, babu abin kamawa, babu wanda zai miƙo maka hannu, minti nawa za ka yi kanka yana sama? Ban ce ka tsallake ruwan ba. Tsayawa kawai, kana numfashi. Minti ɗaya? Biyar?

Abin da ya jawo tambayar shi ne wani saƙo da wani matashi ɗan cikin gari ya turo mana. Ya ce ya ga bidiyon masu nutso a Bahar Maliya, irin waɗanda ke goya tukunyar iska su shiga ƙarƙashin teku suna yawo cikin kifaye, abin da ake kira sukuba. Ya ce abin ya shiga ransa, yana tara kuɗi ya je ya koya ya karɓi takardar shaida, amma an ce masa sai ya ci jarrabawar iyo tukun. Shi kuma abin ya ɗaure masa kai: mutumin da aka ba iska a tukunya, aka ba shi rigar da ke ɗaga shi sama, me zai yi da iyo? Ya ƙara da cewa ai shi ma ya iya ruwa, don ya yi wankan kududdufi yana yaro.

To wannan kalma ta ƙarshe ita ta tsayar da ni. Da na zauna zan ba shi amsa sai na ga amsar ba daga Misira za ta fara ba, daga bayan gidanmu za ta fara.

Mutane suna kallon Kano a matsayin garin ƙura da rana, ba teku ba babban kogi. Amma tsohon birni, wato cikin ganuwa, tun asali da ruwa a tsakiyarsa. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya kawo labarin Barbushe da mutanen Dala, ya kuma ambaci Jakara, kurmi mai baƙin ruwa da mutanen wancan zamani suke girmamawa suna tsoro. A gefen wannan ruwan aka kafa Kasuwar Kurmi zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Sunan kasuwar ma ya isa shaida.

Amma yawancin ruwan cikin birni ba Allah ne ya shimfiɗa shi haka ba, hannun mutane ne ya haƙa. Ku duba. An fara ginin ganuwa zamanin Sarki Gijimasu, wajen 1095 zuwa 1134, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Duk wannan tulin ƙasa daga ina ya fito? Daga gindinta, shi ya sa aka samu gwalalo a bayanta. Haka gidaje. Kowane soro, kowane zaure, kowace katanga, da tubalin ƙasa aka ɗora su, kuma magini ba ya zuwa nesa neman ƙasa in akwai ta a unguwa. A haƙa bana, a haƙa baɗi, a sake haƙa in damina ta zaizaye katanga za a yi yaɓe. Shekara ɗari, ɗari biyu, rami ya zama kududdufi. Kusan kowace tsohuwar unguwa da nata. Birni yana tashi sama, ramukansa suna yin ƙasa.

Baƙin da suka zo daga Turai sun lura da wannan. Hugh Clapperton ya shigo Kano a watan Janairun 1824, ya ba da labarin wata babbar fadama da ta kusa raba garin biyu, da kuma tafkunan da haƙar ƙasar gini ta bari. Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya zo a 1851, shi ma bai wuce Jakara bai yi magana ba. Dukkansu ƙorafin zazzaɓi da wari suka yi. Ba su yi ƙarya ba, amma sun ga rabin hoto ne. Kududdufan nan su ne suke shanye ruwan damina kada ya rushe gidajen ƙasa. A nan ake wanki, a nan ake shayar da dabbobi, a nan magina ke samun ruwan kwaɓa, wasu har kifi ake kamawa. Sunayen da suka rage a bakin mutane suna gaya maka aikinsu: Hauren Wanki, Hauren Shanu. Ga Mai Allo, ga Hauren Balago. Wanda ya tashi a cikin gari zai iya ƙaro wasu goma da ban ambata ba.

Yanzu ku riƙe wannan, don shi ne zuciyar maganar. Ramin da aka haƙa don ɗibar ƙasa ba shi da gangare irin na rafi. Rafi yana ba ka sanarwa: idon sawu, gwiwa, ƙugu, ƙirji. Kududdufi ba ya sanarwa. Mai haƙa yana bin inda ƙasa ta fi kyau ne, ya bar gaɓa a tsaye kamar bango. Sai yaro yana tafiya ruwa iya cibiya, taki ɗaya ya ƙara, ƙasa ta ɓace. A ƙasan kuma akwai laka mai riƙe ƙafa, ga fasassun kwalabe, ga kainuwa a sama ta rufe ido. Tsofaffi su ce ruwan nan yana da mutanensa, duk shekara sai ya ci mutum. Ban zo yin gardama da kakata ba, Allah Ya jiƙanta, amma ni dai na san ramin ma kaɗai ya isa ya yi wannan aikin.

Yaya muka koyi iyo a irin wannan wuri? A sace. Ni shaida ne. Bayan an taso daga makarantar allo, ko ranar Alhamis da Juma'a, sai mu zame. Babu malami, babu wanda ya girme mu da ya wuce shekara uku. Darasin farko shi ne wani ya hankaɗa ka. In ka sha ruwa ka fito, an yi dariya, gobe ka dawo. In ka dawo gida kuma ga bincike: a dubi idonka ko ya yi ja, a karce maka hannu da farce, in fata ta yi fari furu-furu to ka shirya wa bulala. Har dabara muka koya, mu riƙa ɓoye ɗan man shafawa a aljihu. Wasu abokanmu sun kwashi tsargiya, suna fitsarin jini, mu a lokacin har gani muke alamar girma ce.

Iyayenmu ba su yi laifi da suka ji tsoro ba. Sun ga gawa an fito da ita, mu ba mu gani ba. Sai dai hanin bai hana mu shiga ba, abin da ya hana shi ne a koya mana. Muka tashi da rabin iyawa: mun iya faɗawa, mun iya kurme, mun iya bugun ruwa da ƙarfi na taki goma zuwa ɗaya gaɓar. Ba wanda ya taɓa auna mu. Kuma akwai ranar da na gane bambancin, ranar da wani abokina da muke kira gwani ya je tsakiya, ƙafarsa ta ɗaure, ya nemi ya kwanta a bayansa ya huta ya rasa yadda ake yi. Wani mai wankin kaya ne ya miƙa masa doguwar gora. Da ba ya wurin, da yau wani labarin nake ba ku.

Kada wani ya ce Bahaushe bai san ruwa ba. Ya sani sarai, amma a gidan sana'a ilimin yake. Je ka Wudil, je ka Yawuri, je ka Argungu. A can akwai Sarkin Ruwa, akwai masunta da suka gaji abin kaka da kakanni, yaro yana tasowa a jirgin babansa. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, akwai wasannin Kabanci: tseren jirgi, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu, da gasar nutso. Hukumar UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun duniya a 2016. Amma ku lura da masuncin Matan Fada in zai faɗa ruwa. Da homarsa a hannu, da kuma ƙaton gora. Goran nan ba ma'ajiyar kifi kaɗai ba ne, shi yake hawa ya huta. Wato gwanin da ya fi kowa iya ruwa shi ne ba ya shiga ba tare da abin da zai ɗaga shi ba. Mu 'yan kududdufi da ba mu iya komai ba mu ne muke shiga da gajeren wando kawai.

To yanzu mu tsallaka zuwa inda matashin nan yake son zuwa, mu ga yadda su masu nutson tukunya suka iso ga dokarsu.

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Jacques Cousteau da wani injiniya Émile Gagnan suka haɗa wata na'ura. Asalinta bawul ne da Gagnan ya ƙera don motoci su yi amfani da gas saboda ƙarancin fetur. Suka gyara shi ya zama yana ba mutum iska daga tukunya daidai lokacin da ya ja numfashi, kuma daidai nauyin ruwan da ke kansa. Kafin nan mai nutso yana sanye da ƙaton kwalkwalin ƙarfe ne, an ɗaure shi da tiyo daga jirgi. Yanzu ya kuɓuta. Bayan yaƙi aka fara sayar da na'urar a kanti da sunan Aqua-Lung, duk mai kuɗi ya saya ya nufi teku. Babu makaranta, babu takarda. Kusan irin namu na kududdufi ne, sai dai su da tsada.

Kuma ruwa ya fara karɓar rabonsa. Ko a cikin tawagar Cousteau, a 1947 wani ƙwararre mai suna Maurice Fargues ya mutu a gwajin zurfi, a wajen mita 120. In gwani ya tafi haka, ina ga wanda ya sayi kaya jiya? Daga nan aka fara kafa ƙungiyoyi. A Ingila aka kafa BSAC a 1953. A Amurka, hukumar gundumar Los Angeles ta fara shirin koyarwa a 1954. A 1959 aka kafa CMAS ta ƙasa da ƙasa a Monako, Cousteau ne shugabanta na farko. NAUI ta yi kwas ɗinta na farko na malamai a 1960. Sai PADI a 1966, wadda John Cronin da Ralph Erickson suka kafa, ita ce yau ta fi yaɗuwa a duniya.

Horon farko-farko mai tsanani ne, don da yawan malaman daga soja suka fito. A sa ka iyo mai nisa, a fizge maka gilashin fuska a ƙarƙashin ruwa, a rufe maka iska a ga yadda za ka yi. Da kayan aiki suka inganta, musamman rigar da ake hura wa iska wadda ta yaɗu tsakanin shekarun 1960 da 1970, sai aka sassauta. Aka zubar da abubuwa da yawa don a jawo mutane, don kasuwanci ne, kada mu yaudari kanmu. Amma akwai abu biyu da ba a zubar ba har yau.

A tsarin PADI, kafin a ba ka takardar matakin farko, wadda ke ba babba damar sauka har mita 18, sai ka yi iyon mita 200 ba tare da tsayawa ba kuma ba da wani kayan taimako ba, ko kuma mita 300 da gilashin fuska da bututun numfashi da takalmin iyo. Babu agogo a kanka, babu salon da aka ce dole. In ka ga dama ka yi irin na kare, in ka ga dama ka kwanta rigingine. Na biyu, ka yi minti 10 a ruwan da ya fi ƙarfin tsayinka, kana shawagi ko kana taka ruwa, ba ka riƙe komai ba. Sauran ƙungiyoyi suna da nasu ma'auni, akwai ɗan bambanci a lamba, amma manufar ɗaya ce.

Mita 200, don ku gane, kamar tsawon filin ƙwallo ne sau biyu. A kwamin wanka mai mita 25, zuwa takwas ke nan. Ba abin gasar Olamfik ba ne. Amma ina tabbatar muku, cikin mu da muka yi wankan kududdufi, da yawa a zuwa na uku za su kama bango. Dalili, mun saba iyo da ƙarfi, kai a sama, numfashi a riƙe. Wannan salon yana kai ka mita 20. Bayan nan kafaɗa ta mutu.

To me ya sa aka nace, tunda ga tukunya ga riga? Ɗan'uwa mai tambaya, ga amsarka.

Na farko, kaya suna lalacewa. Riga tana iya yoyo, iska tana iya ƙarewa, igiyar ruwa tana iya ɗauke ka ka fito ka ga jirginku ya yi nisa. A wannan lokacin abin da ya rage maka shi ne jikinka. Masu wannan harka sun daɗe da lura cewa ba a ƙasan teku kaɗai ake mutuwa ba. Akwai waɗanda suka fito sama lafiya, amma ruɗewa ta hana su hura riga ko su kwance damarar dalmar da ke ƙugunsu, nauyi ya mayar da su.

Na biyu, kuma shi ne babba, jarrabawar tana auna hankalinka ne fiye da damtsenka. Mutumin da bai yarda da ruwa ba, in ruwa ya shiga hancinsa a zurfin mita 10, abu ɗaya jikinsa zai umarce shi: riƙe numfashi, ka yi sama da gudu. Kuma wannan shi ne abin da ke kashe mai tukunya. Ga dalili. A mita 10 nauyin da ke danne ka ya ninka na sama sau biyu. Iskar da ka shaƙa daga tukunya a can a matse take. In ka cika huhu ka riƙe ka taso, kafin ka iso sama ta kumbura ta ninka. Huhu ba balan-balan ba ne da zai yi ta buɗewa, yagewa yake, kumfar iska ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Ba sai mita 10 ba ma, a ruwa mai ɗan zurfi kamar kwamin wanka hakan na iya faruwa. Shi ya sa doka ta ɗaya a sukuba ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Kun ga matsalar ɗan kududdufi? Duk gwanintarsa ta kurme a kan riƙe numfashi aka gina ta. Abin da yake taƙama da shi shi ne abin da za a fara cire masa.

Akwai kuma maganar iskar naitirojin da ke narkewa a jini in mutum ya daɗe a zurfi. In ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa, kamar ka girgiza kwalbar lemo ka buɗe. Bafaranshe Paul Bert ya bayyana wannan a 1878, John Scott Haldane kuma ya fitar da jadawalin tasowa daki-daki a 1908. Daga nan aka gaji ƙa'idar tasowa a hankali, da tsayawar minti 3 a mita 5 kafin a fito. Mai firgici ba ya iya tsayawa minti 3 yana kallon sama.

Mu a Najeriya muna da labarin da ya haɗa duk wannan. Ranar 26 ga Mayun 2013 wani jirgin jan kaya mai suna Jascon 4 ya kife a tekun da ke gaban Neja Delta, ya nutse kimanin mita 30. Mutum 12 ne a ciki. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya samu wani lungu da iska ta maƙale, ya zauna cikin duhu da sanyi kusan awa 60. Masu nutson da aka turo gawa suka zo ɗauka, sai ɗaya daga cikinsu ya ji hannu ya kama shi. Amma ko da aka same shi ba a fito da shi kai tsaye ba, don jininsa ya cika da naitirojin, da an yi haka da ya mutu a hannunsu. Sai da aka sa masa kayan numfashi, aka shigar da shi wani ɗaki na ƙarfe da ake rage matsin iska a hankali, ya ƙara fiye da kwana biyu a ciki. Shi kaɗai ya tsira. Abin da ya fi burge ni, mutumin nan bai guji ruwa ba. Ya je ya yi karatun nutso, a 2015 ya karɓi takardarsa ta ƙwararre.

Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye: kafin a karɓe ka akwai takardar lafiya da za ka cike. Ana tambayar asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, matsalar kunne. Kuma likitocin nutso suna hana mai cutar sikila. A garin da kusan kowane dangi akwai mai ita, wannan ba layin da za a tsallake ba ne don kunya ko don an riga an biya kuɗin jirgi.

Mu dawo gida. Kano ta yau ta fi ta Clapperton ruwa nesa ba kusa ba. Zamanin Gwamna Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, aka shiga gina madatsun ruwa: Bagauda, sai Tiga da aka kammala a 1974, daga baya Challawa a 1992, ga Watari a Ɓagwai. A cikin birni kuwa kududdufan ne ake cikewa da shara ana yanka filaye, Jakara ma an rufe wani sashenta an shimfiɗa titi a kai. Sakamakon biyu ne. Ruwan da ya rasa masauki yana shiga gidaje da kasuwanni duk damina. Yara kuma sun koma ramukan da masu ɗibar ƙasa da masu fasa dutse suka bari a bayan gari, waɗanda suka fi na da zurfi da tsayuwar gaɓa. Duk mai sauraron rediyon Kano ya san sanarwar 'yan kwana-kwana ta lokacin zafi da damina: an kira mu da ƙarfe kaza, mun isa, mun ciro shi ba ya numfashi, mun miƙa shi ga mai unguwa.

Sannan ga 30 ga Nuwamban 2021. Jirgin fito ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka ruwan Ɓagwai, maƙare da mutane, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da za su Mauludi. Ya kife. Aƙalla mutum 29 suka rasu, akasari yara. Allah Ya jiƙansu. An yi maganar lodi fiye da ƙima, an yi maganar rashin rigar kariya, kuma duk gaskiya ne. Waɗanda suka fara shiga ruwan neman mutane kuwa masuntan yankin ne, da huhunsu kawai.

Wannan ya kawo ni kan wani kuskure da nake so in tare tun kafin ya faru. Kada wani mai kuɗi ko wata ƙungiya su ce bari mu sayo tukwanen iska mu raba wa matasa su riƙa ceto. Takardar matakin farko ta yawon buɗe ido ce, a ruwa mai haske, kai da abokin nutsonka. Shiga kududdufin da ba ka ganin tafin hannunka, ga laka ga leda ga ƙarafa, wani fanni ne daban mai horonsa, da igiya a jikinka da mutum a gaɓa yana riƙe da ita. Ba wa wanda bai ci jarrabawar iyo ba tukunya, ƙara yawan gawa ne.

Abin da za mu iya ɗauka daga masu sukuba ba tukunyar ba ce, ma'aunin ne. Sun daina tambayar mutum ko ya iya ruwa, don kowa zai ce ya iya. Sai su ce shiga mu gani: nisa kaza, minti kaza. Kuma an gwada irin wannan a ƙasar da a lokacin ba ta fi mu kuɗi ba. A Bangaladash, inda nutsewa ke cikin manyan abubuwan da ke kashe yara, akwai shirin SwimSafe da ake koya wa yara a cikin kududdufan ƙauye, a kafa dandamalin gora a kewaye wurin. Ma'auninsu ƙarami ne: iyon mita 25, shawagi na daƙiƙa 30, da iya ceton wani daga gaɓa ba tare da ka shiga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 236,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2019, kuma tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunawa da wannan. Mu kuma da muke yawan kawo maganar da ake jinginawa ga Sayyidina Umar kan koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, dokin dai mun riƙe shi da Sallah. Ban ce a kai yara cikin ruwan kwata ba, tsargiya da taifot suna nan. Amma kwamin otal-otal da na wasu makarantu suna zaune ba kowa da safe, kuma 'yan mata ma suna hawa jirgin fito, suna buƙatar mace mai koyarwa da wurin da aka killace.

Kashi na uku na ma'aunin Bangaladash ɗin nan, ceto daga gaɓa, kowa zai iya koyonsa yau. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. To kai ma in ka matsa kusa kai zai kama, ya danne ka, a ciro biyu. Miƙa masa gora, ko rawani, ko igiyar guga. Jefa masa jarkar da ba komai a ciki, murfinta a rufe, tana ɗaukar babban mutum. Kuma ku sani mai nutsewa sau da yawa ba ya ihu kamar a fim, bakinsa yana neman iska ne, shiru za ka gan shi a tsaye a ruwa kansa a baya. In an fito da shi ba ya numfashi, a bar danna ciki da juya shi ƙafa sama, a hura masa iska a baki a danna ƙirji, wani kuma ya nemo mota. Masu gasar kurme kuma, wannan jan numfashi da sauri-sauri kafin a nutsa, a daina. Yana kashe ƙararrawar da ke gaya wa jiki ya fito, mutum ya suma a ƙasa ba tare da ya ji komai ba, abokai suna sama suna ƙirga masa suna tafi.

Kai kuma ɗan'uwa da ka turo saƙo, kada ka fasa. Akwai masu koyarwa a Legas, akwai a Dahab da Hurgada a Misira, akwai a Jidda, akwai a Zanzibar. Amma kafin ka sayi tikiti, cire kaɗan daga kuɗin ka nemi kwamin wanka a nan Kano da malamin da zai tsaya a kanka. Fara da kwanciya rigingine, kunne a ruwa, ciki a sama, har ka ji ruwan yana ɗauke da kai. Koyi fitar da numfashi a cikin ruwa. Ranar da ka yi zuwa takwas ba ka kama bango ba, ka kuma yi minti 10 a wuri mai zurfi abokinka yana riƙe da agogo a gaɓa, turo mana saƙo mu sanar a shiri.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu shiga tarihin rijiyoyin cikin birni da masu haƙarsu. Wanda ya san sunan kududdufin unguwarsu, ko an cike shi ko yana nan, ya rubuto mana, muna tattarawa. Sai mun ji daga gare ku.